WUTAR DA BA MAI ƘIRGAWA

'Yan'uwana mata, wata tambaya ce ta tsaya mini a rai tun ranar da na je ganin ɗakin wata ƙanwata amarya a wajen Ƙofar Kuyambana. Rana tsaka ce, amma ƙwan zaure yana ci, na tsakar gida yana ci, ga hita a bokiti ruwa sai tafasa yake yi ba mai wanka, ga dutsen guga a jone ba mai guga. Na miƙa hannu zan kashe, sai ta ce, "Haba Anti, bar shi kawai. Ai mu ba mu da mita, ko an kunna ko an kashe kuɗin ɗaya ne a ƙarshen wata."

Na yi dariya a lokacin, amma da na koma gida sai maganar ta hana ni sakat. Shin abin da ba a ƙirga miki ba, in kika ɓarnatar da shi kin yi laifi? Ko kuwa ɓarna ba ta zama ɓarna sai ta taɓa lalitarki?

Bari mu fara da gaskiyar amarya, don tana da ita. Wutar nan ba kullum take zuwa ba. Wa zai manta watan Oktoba na 2024, lokacin da Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin da ya taso daga Shiroro? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, janareta ma ta zama sai wane da wane. Wanda ya daɗe da ƙishirwa, in ya ga ruwa ba ya sha da lissafi. Kuma in ana zancen hayaƙin da ke dumama duniya, ai ba mu ne muka cika sama da shi ba, manyan ƙasashe ne irin su Amurka da Sin. Duk na yarda.

To amma uwargida, wayar da ta shigo gidanki ba ke kaɗai ta sani ba. Taransifoma ɗaya ce take ɗauke da unguwa, kuma tana da iyakar abin da za ta iya. Ƙwai irin na da, mai zafin nan, wat 60 yake ja. Farin ƙwai na yanzu mai wat 9 haske ɗaya suke bayarwa, ke nan tsohon guda ɗaya yana cin abincin sababbi 6. Hita mai wat 1,000 kuwa tana jan na tsofaffin ƙwai 16. In gida ɗari suka yi irin na ƙanwata, wuta ta yi ƙasa, firij ya kasa ɗauka, wata rana a ji fam! Sai a fara bi gida-gida karɓar kuɗin gyara.

A unguwarmu da haka ta faru, ba masu hitar ne suka fi jin jiki ba. Wata bazawara ce mai marayu huɗu, da ƙanƙara da zoɓo take ciyar da su. Firizarta ta yi wata biyu a kashe, jarin ya narke. Ba wanda ya shiga ɗakinta ya ɗauki ko sisi, amma fisabilillahi wa ya cinye mata jari? Mu ne, kowa da ɗan ƙwansa da ya bari yana ci. Ashe ana ƙirgawa, a kan wani ne kawai lissafin yake faɗawa.

Haka zancen yake ko an ɗaga kai sama. Yawancin wutar ƙasar nan da iskar gas ake samar da ita, saura daga madatsun ruwa irin su Kainji da Shiroro. Ƙwan da ke ci da rana, gas ake ƙonawa dominsa. Namu kaɗan ne, gaskiya, amma zafin mu yake fara dafawa. A azumin 2024 zafi ya haura digiri 48 a garin Kayes na ƙasar Mali, mu ma nan mun ɗanɗana namu.

Abin kunyar ma, mu Zazzagawa mun gaji dabara muka yar. Ki shiga tsohon soro a cikin birni da azahar, ki ji sanyi kamar randa. Katangar tubali mai kauri tana shanye zafin rana, sai dare ta sake shi. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830 bai san fanka ba. Mu kuma muka ce ginin ƙasa ƙauyanci ne, muka rushe, muka yi bulo da kwano ba silin, yanzu in wuta ta ɗauke sai kwanan tsakar gida. Ban ce a koma jiya ba. Amma in maigida zai yi gini, ki sa baki: a yi silin, a fitar da taga biyu masu kallon juna, kada a sare darbejiyar ƙofar gida.

Kada kuma a ce na hana girki da lantarki. Hayaƙin murhu ba abokin zama ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 duk shekara. Ki yi girkinki, in kin sauke ki kashe. Mai rowa tana hana abin da ake bukata, mai tattali kuwa abin da ba a bukata take hanawa ya salwanta.

Ni a ganina, halin mace ba a gane shi a abin da aka ƙirga mata. A wurin da ba mai dubawa ake gane shi. Da na koma gidan ƙanwar tawa na kai mata fararen ƙwai guda uku, na kuma ba ta labarin mai ƙanƙara. Ba ta ce komai ba, ta dai tashi ta zare hitar.

Ke fa, yanzu da kike karatun nan, ƙwan zaurenku a kashe yake?