Baiko da Kasuwar Dala

Ran 9 ga Maris 2023 masu ajiya a bankin Silicon Valley na Amurka suka nemi fitar da dala biliyan 42 cikin yini ɗaya. Kashegari hukuma ta rufe shi. Gama bankin ya ba gwamnati rance na dogon lokaci, ba ya iya maido da kuɗin nan da nan sai da hasara. Da labari ya fita, kowa ya ruga domin ya ga maƙwabcinsa yana gudu.

Tsoron nan ya shigo mana ta wata ƙofa. Sa'anda aka saki naira a Yuni 2023 ta faɗi ƙwarai, har waɗansu dattawan ekklesiya suka ce a kwashe baiko daga banki, a sayi dala, a ɓoye ta har ta hau. Mun san zafin abin. Neman riba kuwa ba zunubi ba ne. Cikin Matta 25 maigida ya tsauta wa bawan da ya binne talantinsa. Amma mai ɓoye dala yana fata a zuciyarsa naira ta ƙara faɗuwa, watau masara ta ƙara tsada ga gwauruwar da ta saka baikon. Ƙaƙa za mu durƙusa tare da ita ran Lahadi? Bari ma'aji ya kawo littafi gaban taro, a ƙidaya, a fara biyan mai bishara albashinsa.