Wayar Tangaraho ta Ben Nevis da Tambayar Gaibu

A ranar 17 ga Oktoba 1883 aka buɗe tashar duba yanayi a ƙololuwar Ben Nevis da ke Sikotilan, dutsen da ya fi kowane tsayi a Birtaniya, mita 1,345. Kafin nan, wani mai nazarin yanayi, Clement Wragge, shi ne ke hawa da sauka kusan kullum a lokacin zafin 1881 da 1882 don ya ɗauko awo. Da aka gina tashar, sai aka ja wayar tangaraho tun daga saman dutsen har garin Fort William da ke gindinsa.

Shekara 21 ma'aikatan suka yi suna auna iska da sanyi da ruwan sama kowace awa, dare da rana, ko da ƙanƙara ta binne ɗakin. Saƙo kan sauka ta waya cikin ƙiftawar ido, alhali mai saukowa da ƙafa sai ya shafe sa'o'i.

To, wanda ke ƙasa, ya samu labarin guguwa tun ba ta iso shi ba, shin gaibu ya sani? Tambayar tana nan da ranta, domin duk shekarar da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ta fitar da hasashen damina, ba a rasa mai cewa an shiga hurumin Allah.

Malamai sun raba gaibu gida biyu. Akwai wanda Allah Ya keɓanta da saninsa, kuma Suratu Luƙman ta ambaci saukar da ruwa a cikin waɗannan al'amura. Akwai kuma abin da ya ɓoyu ga wani, ya bayyana ga wani. Guguwar da ta fara kaɗa na'ura a kan Ben Nevis ta riga ta wanzu, idon mutum ya gan ta. Abin da waya ta yi kawai shi ne ta riga iska isowa. Haka manomi ke ganin hadari ya haɗo daga gabas ya kwashe shanya, ba wanda ya taɓa kiran sa boka. Abin da hadisin da Annabi (SAW) ya faɗa a Hudaibiyya ya tsawatar a kai shi ne jingina ruwa ga taurari, a ɗauke su masu bayarwa. Mai awo bai ce shi ke saukar da ko ɗigo ɗaya ba, kuma yakan yi kuskure, wanda hakan ma shaida ce cewa ƙiyasi yake yi.

Lura da halitta kuwa ba ta faɗuwa ƙasa banza. A 1894 matashi C.T.R. Wilson ya yi 'yan makonni a tashar, launukan hasken da ya gani a jikin gajimare suka sa shi binciken da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1927.

Rashin kuɗi ya sa aka rufe tashar a 1904. A 2017 dubban 'yan sa-kai suka kwafe alƙaluman da ta bari zuwa kwamfuta, masana sauyin yanayi suna aiki da su a yau.