Monika da Yadda Ɗanta Ya Tuna da Ita

Monika, mahaifiyar malamin Kirista Agustin, ta rasu a shekara ta 387 a Ostiya, garin da ke bakin teku kusa da birnin Rum, tana da shekara 56. Kusan duk abin da aka sani game da ita daga alƙalamin ɗanta ya fito, musamman kashi na tara na littafinsa Confessiones, wanda ya rubuta kimanin shekara goma bayan rasuwarta. Labarin ya shafi tambayar da ke tasowa a kowane gidan makoki na Kirista: yaya mai bi zai tuna da uwa mai ibada, da yabo kaɗai ko da gaskiyarta duka, kuma kuka a kanta raunin bangaskiya ne?

An haife ta a Tagast, inda garin Suk Ahras na Aljeriya yake a yau, a gidan Kiristoci. Aka aurar da ita ga Patrisiyus, wanda ba Kirista ba ne, mai saurin fushi, mai neman mata a waje. Dabararta ita ce ba ta tanka masa in ransa ya ɓaci, sai ya huce ta faɗi nata. Kafin ya mutu ya karɓi baftisma. Ɗan ne ya fi ba ta wahala. Agustin, wanda ta haifa a 354, ya shiga addinin Mani har tsawon shekara tara, ita kuwa tana ta kuka da addu'a. A 383 ya yaudare ta a tashar jirgin ruwa ta Kartaj: ya ce aboki zai raka, ya bar ta ta kwana a wani ɗakin addu'a na tunawa da Kibriyanus shahidi, cikin dare ya shige jirgi. Ba ta haƙura ba. Ta bi shi har Milan, inda wa'azin Bishop Ambros ya ratsa shi, aka yi masa baftisma a daren Ista na 387.

Abin da ya ba wannan tunawa nauyi shi ne Agustin bai wanke mahaifiyarsa tas ba. Ya ba da labarin yarintarta, lokacin da iyayenta kan aike ta ɗebo ruwan inabi daga ɗakin ajiya. Ta fara da taɓawa da leɓe, a hankali har ta kai ga shanye kusan kofi cike. Wata baiwar gidan ce, a cikin cacar baki, ta yi mata gori ta kira ta mashayiya, gorin ya soke ta, ta daina. Bai ɓoye burinta na ganin ya yi suna a duniya ba, haka kuma rawar da ta taka wajen nema masa auren 'yar manyan gida, abin da ya jawo aka sallami matar da ya zauna da ita fiye da shekara goma, uwar ɗansa Adiyodatus. Ɗan da ke son a ɗauki uwarsa tamkar mala'ika ba zai rubuta waɗannan ba. A fahimtarsa, duk nagartar da take da ita baiwar Allah ce, don haka faɗin kasawarta bai rage mata komai ba, alherin ne ya ƙara fitowa fili.

Bayan baftismar Agustin, suna Ostiya suna jiran jirgin komawa gida. Wata rana uwa da ɗa suka jingina da taga mai duban lambu, suna hira a kan rai madawwami. Bayan kamar kwana biyar zazzaɓi ya kama ta. Da ma ta tanadi kabari kusa da mijinta, ɗayan ɗanta Nabigiyus kuma ya nuna damuwa kada ta mutu a baƙuwar ƙasa. Sai ta ce musu su binne ta ko'ina, abin da take roƙo kawai su riƙa tunawa da ita a gaban bagadin Ubangiji. A rana ta tara ta rashin lafiyar ta cika.

Agustin ya rufe mata ido. Jikanta Adiyodatus ya fashe da kuka, aka tsawata masa ya yi shiru, domin a ganinsu kururuwa ba ta dace da wadda ta mutu da bege ba. Wani abokinsu, Ebodiyus, ya ɗauki Zabura ya fara rerawa, mutanen gida suna amsawa. Har a bakin kabari Agustin bai zubar da hawaye ba. Ya tafi gidan wanka ko zai ji sanyi, bai ji ba. Sai da ya farka shi kaɗai a kan gado ya saki hawayen a gaban Allah. Bulus a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Tasalonikawa baƙin ciki irin na marasa bege ya hana, ba baƙin cikin kansa ba, kuma Yesu ya yi hawaye a kan mutuwar Li'azaru. Wanda ya yi kukan ɗan lokaci saboda uwar da ta yi shekaru tana kuka dominsa bai yi laifi ba.

Agustin ya rufe kashi na tara na littafin da roƙa mata gafara, ya kuma nemi masu karatu su tuna da Monika da Patrisiyus a gaban bagadi. A nan ikkilisiyoyi suka rabu. Katolika da Otodoks suna yi wa matattu addu'a, yawancin Furotesta kuwa suna tsayawa ga godiya ga Allah saboda rayuwar mamaci da ta'azantar da iyali, domin a koyarwarsu al'amarin mutum ya riga ya yanke da mutuwarsa.

A Ostiya aka binne ta. A 1430 aka mayar da ƙasusuwanta Rum, suna cocin da ke ɗauke da sunan ɗanta. A 1945 wasu yara masu haƙa rami kusa da cocin Santa Awriya a Ostiya suka tono ɓarin dutsen da aka rubuta a kan kabarinta. Cocin Katolika na tunawa da ita ranar 27 ga Agusta, Agustin kuma washegari.