Hakkin Mai Gadi da Mai Shara Yana Wuyan Wa?



Kowace safiyar Lahadi muna iske harabar coci a share, ƙofa kuma a tsare. Haka yake a bankuna, da asibitoci, da makarantu. Sau da yawa mai gadin da mai sharar ba ma'aikatan wurin ba ne, wani kamfani ne ya turo su bisa kwangila. Cikinmu akwai masu irin wannan kamfani, akwai masu ba su kwangila, akwai kuma masu kwana a bakin ƙofa. Da ku duka nake magana.

Sana'ar halal ce, tana kuwa da dokokinta. A Nijeriya dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta wajabta lasisi, ta kuma hana masu gadin riƙe bindiga. Hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kansu. A 2024 aka ɗaga albashi mafi ƙanƙanta daga naira 30,000 zuwa 70,000, kuma dokar ta hau kan mai ma'aikata 25 zuwa sama. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kashi 10 cikin 100, ta diyyar ma'aikata ta 2010 kuma kashi 1.

A Luka 14 Ubangiji ya koyar cewa mai niyyar gini yakan fara zama ya yi lissafi. To, mu yi shi. Albashi da fansho da kuɗin diyya kaɗai sun kusa naira 78,000 a wata kan mutum guda, ban da yunifom, da tocila, da rigar ruwa, da albashin mai zagayen dare, da ribar kamfani. Ƙofar da ake tsaro dare da rana tana bukatar mutum biyu, da na uku mai karɓar su ranar hutu. Wanda ya amshi kwangila a kan naira 60,000 kowane mai gadi, daga ina zai cike giɓin, in ba daga tukunyar mai gadin ba?

Littafin Firistoci 19 da Maimaitawar Shari'a 24 sun hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun maigida. Yakubu 5 ya nuna cewa ladan da aka danne yana kai ƙara gaban Allah. Paparoma Leo na 13 ya jaddada wannan a wasiƙarsa Rerum Novarum ta 1891. Paparoma Yohanna Bulus na 2 kuwa, a Laborem Exercens ta 1981, ya bambanta mai ɗaukar aiki kai tsaye da wanda yake tsara sharuɗɗan aikin daga nesa, ya ce kowannensu yana da alhaki. Don haka majalisar coci ko shugaban makarantar da ya matsa wa ɗan kwangila ya karya farashi ba zai wanke hannu kamar Bilatus ba.

Ku masu kamfani, adalci ba gāba yake yi da riba ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai gadin da ya yi wata biyu ba albashi, ko dai ya yi barci a bakin aiki, ko ya gudu, ko ya faɗa cikin jaraba. Sata guda kuwa ta isa ta raba ku da kwangila da suna gaba ɗaya. Ku faɗi farashin gaskiya, ku nuna yadda kuka lissafa shi. Ku rubuta yarjejeniya da ranar biya. Ku tanadi albashin wata biyu a gefe, domin masu ba da kwangila sukan yi jinkiri. Kada ku dogara ga kwangila guda. Ku horar da mutanenku, ku san masu tsaya musu, ku ba masu goge-goge safar hannu da takalman roba, musamman a asibiti.

Ku masu ba da kwangila, ku tuna araha ba ta ado. Kafin ku sa hannu, ku tambayi nawa ne zai shiga hannun ma'aikacin, ku kuma biya a kan kari.

Ku kuma masu gadi da masu shara, amana ce aka ba ku. Ku riƙe ta da aminci ko babu mai duba ku, ku nemi hakkinku ta hanyar gaskiya ba tare da tsoro ba. Ubangijinmu kansa ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Aikin tsabta ba abin kunya ba ne.

A wannan mako, kowa ya tambayi sunan wanda yake buɗe masa ƙofa, ya gaishe shi da shi. Waliyyi Yusufu Ma'aikaci, wanda Paparoma Pius na 12 ya sa idinsa ranar 1 ga Mayu tun 1955, shi da ya tsare Yesu da Maryamu, ya yi addu'a dominmu. Amin.