Baƙuwar da Ba Ta Taɓa Shiga Kasuwa Ba

Ɗana, matso kusa mu yi magana a kan wannan abokiyar shawara da ka samu a cikin waya. Ina lura da kai. Kana raba dare kana gaya mata sana'ar da kake son farawa, ita kuma tana zayyano maka dabarun talla shafi bayan shafi, har ka kwanta kana jin kamar kuɗin sun riga sun shigo aljihu. Ban zo raba ku ba. Ni ma da furfurata na zauna da ita, na yi mata tambayoyi, kuma na ga ƙoƙarinta. Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, su Gemini da Claude suka biyo baya, Meta kuma ta cusa tata cikin WhatsApp ɗin da kake gaisawa da dangi, wannan abu da ake kira ƙirƙirarriyar basira ya shigo gida ke nan, ba mai korarsa. Abin da ya rage shi ne ka san ko wace ce, don ka san tabarmar da za ka shimfiɗa mata.

Baƙuwa ce mai tarin karatu. Ta haɗiye rubutun da babu mahaluƙin da zai iya karance shi a rayuwarsa, sai dai akasarinsa da Turanci aka yi, kuma a kan kasuwannin Amurka da Turai yake magana. Ba ta taɓa tsayawa a Singa da hantsi ana sauke kaya daga tirela ba. Ba ta taɓa ganin yadda Kantin Kwari ke cika a goman ƙarshe na azumi ba, balle ta bi dillaliya gida-gida ta ji yadda ake cinikin atamfa a tsakar gida, a biya rabi yau, rabi in an kwashi adashi. Baƙo kuwa ko da idonsa makaho ne.

Wani ɗan ƙanwata ya taɓa zuwa mini da takardu a hannu, fuska cike da fara'a. Garin kunun gyaɗa yake son ya riƙa ƙullawa a leda yana sayarwa, ya tambayi manhajar yadda zai tallata, ta ba shi tsari. Na sa tabarau na karanta. An ce ya buɗe shafin intanet, ya tara adireshin imel na masu saye yana aika musu wasiƙa duk mako, ya yi rangwame a ranar Black Friday. Na tambaye shi, su wa za su sayi garin nan? Ya ce matan aure, da ma'aikatan da ba su da lokacin surfe da kai niƙa. Na ce a cikinsu wa ka sani tana buɗe imel? Ya yi shiru. Na ce yaushe aka fi shan kunu a garin nan? Ya ce ai da azumi. To, a duk takardun nan babu inda aka ambaci azumi ko sau ɗaya.

Ban ga laifin na'urar ba. Layi ɗaya ya rubuta mata, kamar mai aiken yaro sayen ashana, ita kuma ta cike gurbin da abin da ta saba gani. Muka zauna muka sake. Na sa ya gaya mata unguwar da yake, da jarin da ke hannunsa, da nawa ya sayo kwanon gyaɗa da na shinkafa a wannan makon, da kuɗin niƙa, da na leda, da abin da ɗan sahu ke karɓa ya kai kaya ƙetaren gari. Ya gaya mata cewa masu sayensa a WhatsApp suke, sun fi sauraren saƙon murya a kan karanta dogon rubutu, kuma da tiransifa suke biya ko a wurin mai POS. Sai ga baƙuwa ta fara magana kamar 'yar gari. Ta ce ya ƙulla ƙananan ledoji na ɗanɗano ya kai inda mata ke taruwa, ya fara tun cikin Sha'aban kafin kowace uwar gida ta gama tanadinta, ya ajiye kaɗan a shagunan unguwa a kan kamasho. Da ta buga lissafi kuma, ta nuna masa cewa farashin da ya yanka ba zai bar masa komai ba muddin shi zai biya kuɗin kai kaya. Wannan lissafi kaɗai ya isa a gode mata. Amma ka lura, duk abin da ya gyara shawarar daga bakinsa ya fito. Kai za ka kai mata kasuwa, sannan ta taya ka juya ta.

Akwai wani hali nata da ya fi damuna, shi ne daɗin baki. An horar da ita ta zama mai faranta wa wanda ke magana da ita, don haka in ka kawo mata tunani, sau da yawa yabo za ta fara yi. Ka ce za ka sayar da rigar sanyi a watan Afrilu, ba mamaki ta samo maka hanyar da abin zai yi kyau a takarda. Mu da muka tashi a gaban iyayen gida ba haka aka yi mana ba. In ka kai wa maigida shawarar sabon kaya, sai ya ci gaba da ƙirga kuɗinsa kamar bai ji ba, can ya ɗago ya jefo maka tambaya guda: in suka yi kwantai, wa zai biya? A lokacin haushi muke ji. Yau na san tambayar nan ta tsare mini uwar kuɗi fiye da sau goma. Saboda haka ka tilasta wa na'urar ta hau kujerar maigidan nan. Ka ce mata ta kawo dalilan da za su kashe wannan sana'a cikin wata shida. Ka ce ta zama Hajiya mai tsananin tayi, wadda ta saba dama kununta da hannunta shekara ashirin, kai kuma ka gwada shawo kanta. In ka kasa amsa wa Hajiyar cikin waya, ta gaske za ta kore ka tun daga zaure.

Lambobinta kuwa, kada ka ɗora ko sisi a kansu sai ka tabbatar. Takan ƙago adadi ta faɗe shi da gaba gaɗi, kuma iliminta yana da ranar da ya tsaya. Ka tuna litar man fetur ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, cikin kwanaki ta haura 500, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. A ƙasar da farashi ke irin wannan gudu, kuɗin buhun gero a Dawanau ake jin sa. Zuwa da kai ya fi aike.

Yanzu ga wadda nake so ka buɗe mata kunne biyu. Na'urar nan ta iya zaƙin harshe, kuma in ka matsa mata za ta ƙawata maka kayanka fiye da yadda suke. Za ta iya zana maka hoton kunu mai sheƙi a kofin da ba ka mallaka ba. Shaiɗan kuma zai raya maka ka sa ta rubuta yabon wasu masu saye da ba a taɓa haifa ba, ko ka liƙa a jikin leda cewa garinka yana maganin olsa da hawan jini. Ɗana, sunan wannan algus, ko da yatsa aka yi shi ko da mudu. Ka san labarin da malamai ke karantar da mu, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa alhali busasshe ne a sama, da irin kashedin da ya yi masa. Hoton da ya fi kayan kyau shi ne busasshen da aka ɗora a sama. Ta fuskar hukuma ma, abincin da aka ƙulla don sayarwa yana buƙatar rajistar NAFDAC, kuma da'awar magani ba abin wasa ba ce a wurinsu. Amma tun kafin hukuma ta zo, matan unguwa sun yanke maka hukunci. Mace guda da ta buɗe leda ta ga saɓanin hoto, kafin la'asar labari ya zaga gidan biki.

Lambobin wayar masu sayenka da sunayensu da bashin da kake bin su amana ce, kada ka kwashe ka zuba mata don ta tsara maka. Ka ce mata wata mai saye, ya wadatar. Najeriya ma ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023.

Sai maganar harshe. Hausarta tana gyaruwa, amma har yanzu takan fito da ƙamshin Turanci, irin jimlar da kowace kalma daidai take, amma ba Bahaushen da zai furta ta a bakin shago. In ta rubuta maka talla, ka karanta wa mahaifiyarka da babbar murya. Duk inda ta yamutsa fuska ko ta yi dariya, goge ka faɗa da bakinka. Kuma ka sani, ba kai kaɗai ke da waya ba. Samari ashirin a unguwarku za su yi mata tambaya iri ɗaya, su sami amsa kusan iri ɗaya, su fito da talla mai kama da juna kamar ɗinkin anko. Abin da zai sa a dawo wurinka shi ne ɗan gyaran da ka ƙara a kan mudu, da tambayar jikin yaron da aka ce maka ba shi da lafiya, da kawo kaya ƙarfe huɗu in ka ce ƙarfe huɗu. Alhassan Ɗantata, tun yana fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja har ya kai ga dalar gyaɗa, da mutanen da suka yarda da maganarsa ya yi kasuwanci.

Ɗan ƙanwar tawa bai yi shafin intanet ba har yau. Leda talatin ya fara ƙullawa, ya sayi ƙaramin littafi, duk wadda ta saya sai ya kira bayan kwana biyu ya rubuta abin da ta ce. Wata ta ce garin bai yi laushi ba. Wata ta ce ledar ta yi mata girma, ita da mijinta ne kawai. Da dare sai ya karanta wa manhajar abin da ya tara, su duba abin da za a sauya, da safe ya koma wurin mai inji ya ce a maimaita niƙan sau biyu. Kai ma gobe in Allah ya kai mu, ajiye wayar a aljihu, ka ɗauki biro da littafi, ka je ka sami mutum goma da kake zaton za su sayi kayanka, ka tambaye su a ina suke saye yanzu, nawa suke biya, kuma me ke ba su haushi da mai sayar musu. In ka dawo ka fara biyowa ta wurina, ina son in ji abin da suka ce.