Lamba ɗaya ko lamba biyu: me takarda ta sani game da ciwon soja?

Idan rauni ko cuta ta hana soja ci gaba da aiki, likitocin soja sukan rubuta amsar tambayoyi biyu a takardar sallamarsa: nawa ne ya rasa daga lafiyarsa, kuma mene ne sanadi. A rundunar Faransa, wadda dubban ƴan Afirka suka yi wa yaƙi, har da ƴan Nijar, amsar tambaya ta biyu kalmomi ne kaɗan. Wanda aka rubuta masa « réformé n° 1 », an yarda aikin soja ne ya naƙasa shi, yana da haƙƙin fansho. Wanda aka rubuta masa « réformé n° 2 », an ce ciwonsa bai da alaƙa da aiki, sai ya koma gida hannu rabbana.

Dokar 31 ga Maris 1919 ce ta mai da wannan fansho bashi a wuyan ƙasa, bayan a da ana kallonsa kamar alheri. Ita ce kuma ta kafa awon naƙasa da kashi cikin ɗari. A ƙa'ida, rauni yana ba da haƙƙi daga kashi 10, cutar da aka ɗauka a zaman lafiya kuwa sai ta kai kashi 30.

Masu sukar wannan awo sukan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: likita yana ganin ƙafar da ta gutsure, ba ya ganin gonar da ba za a sake nomawa ba, ko baccin da ya ƙaurace wa mutum. Gaskiya ne. Sai dai in babu mudu, rabo yakan koma ga son ran mai rabo da sanayya. Lamba, duk da ƙarancinta, alkawari ce cewa ciwo iri ɗaya zai samu diyya iri ɗaya, ko ɗan wane ne mai shi.

Wannan alkawarin aka karya. Dokar kuɗi ta 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshon ƴan mazan jiya na ƙasashen da suka samu ƴancin kai, na Faransawa kuwa ya ci gaba da hawa. Kashi 60 a takardar tsohon sojan Damagaram da kashi 60 a takardar na Marseille, likita ɗaya zai iya rubuta su, amma kuɗinsu ya yi ta nisa da juna shekara da shekaru. Sai a 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ce wannan wariya ce, a shari'ar Amadou Diop, tsohon sajan ɗan Senegal, wanda ya rasu kafin hukuncin. An daidaita fanshon naƙasa a 2007, sauran a 2011, lokacin da yawancin masu haƙƙin suna kabari.

Ashe laifin bai tsaya ga awon ba, yana ga wanda ya auna da mudu ɗaya ya biya da mudu biyu. Akwai kuma nauyi a kan masu karatu. Da yawa daga cikin tsofaffin nan sun adana takardunsu a akwati ba su iya karanta abin da aka rubuta a kansu ba, balle su ƙalubalance shi. Malamin da ya zauna ya fassara wa gwauruwa ko jika ma'anar lambar nan ya mayar wa gidan da wani abu daga haƙƙinsa.