Idan majinyaci ya ce "ku bar ni haka"

Mu da ke zaune a Sabo mun san hanyar asibitin UCH, kuma da yawanmu mun taɓa raka wani wankin ƙoda. A ƙa'ida sau 3 ake yi a mako, kowane zama kamar awa 4. Wa ke iya biyan wannan? Sai a koma sau ɗaya, wani lokaci sai an sayar da kwandon goro ko an taɓa jarin canji.

Akwai abin da injin ba ya iya kwashewa duka. Idan ƙoda ta gaza, sinadarin fosfaras yana taruwa a jini, ya haɗu da kalsiyam, su riƙa daskarewa a jijiyoyi da ƙofofin zuciya, kamar farin dattin da ke kama cikin butar mai shayi. A wasu 'yan ƙalilan har ya zama dunƙule mai tauri a cikin zuciya. Ba kansa ba ce, amma ɓarɓashinsa na iya ɓallewa ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Hoton zuciya ne ke nuna shi, cire shi kuwa sai da tiyata. Wani kuɗin ke nan a kan na da.

To, a nan ne uba yakan kira 'ya'yansa ya ce, "Ku bar ni haka, kada ku ƙarar da jarinku a kaina." Shin a bi maganarsa?

Muna ganin yana da hakkin faɗa. Jikinsa ne ke shan allura, shi ya san irin galabaitar da yake yi bayan kowane wanki. Amma mu tambayi kanmu dalilin da ya sa muke saurin cewa to. Makon farko ɗakinsa ba masaka tsinke; wata na takwas, daga matarsa sai ƙaramin ɗansa. Mutumin da ya ga ƙafa ta ɗauke, ya ji ana ƙus-ƙus ɗin kuɗi a zaure, anya zaɓi ya yi, ko kunya ce ta yi magana? Sau da yawa gajiyarmu ce muke kira tawakkali.

Ba mu ce a jefa yara cikin bashi ba, su ma amana ne. Amma kafin a karɓi "ku bar ni", a fara cire masa lissafin kuɗin daga ka: 'yan kasuwarmu su ɗauki wankin wata guda, a yi jerin masu raka shi, likita ya gaya masa gaskiyar halin da zuciyarsa ke ciki. Sannan a sake tambayarsa.